Digiri na Biyu a Hulɗar Ƙasa da Ƙasa: Mu Auna Guzuri Kafin Mu Ɗaura Sirdi

Jawabin da aka gabatar wa malaman firamare da iyalansu a Kekun Waje

Mai girma shugaban reshe da 'yan majalisarsa, iyayenmu shugabannin makarantu, 'yan'uwa malamai maza da mata, baƙinmu da suka taso daga Bungudu da Gusau da Tsafe, da iyalanmu da suka zauna tare da mu a yau, barkanmu da war haka, barkanmu da ganin juna lafiya.

An nemi mu yi magana a kan wata tambaya da ta fara yawo a tsakaninmu, a ofisoshin makarantu da gindin itatuwa idan an tashi tara: shin ya dace malamin firamare, ko ɗansa da ya kammala digirin farko, ya nemi digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa? Idan kuwa ya dace, da kuɗin wa? Mu da aka ɗora wa wannan magana ba jakadu ba ne. Malaman aji ne masu shaidar NCE, waɗanda suka haura shekara arba'in, masu 'ya'ya a sakandare da gonar da ke jiran taki kowace damina. Da wannan idon za mu kalli al'amarin. Amsarmu a taƙaice ita ce, ilimin ya cancanci a nema, sai dai ya kamata mutum ya san aikin da zai yi da shi tun kafin ya sayi fom, kuma ya biya kuɗinsa ta hanyar da ba za ta kwashe ƙasar da gidansa ke tsaye a kanta ba.

Mu fara ba wa fannin haƙƙinsa. Sha'awarsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1957 da sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye, iyayenmu suke jingina rediyo a kunne, suna tattauna rikicin Gabas ta Tsakiya a bakin kasuwa kamar a ƙauyen gaba ake yin sa. A cikin wannan al'ada muka tashi. Sannan duniyar da muke ji a rediyo ta sha shigowa har cikin ajinmu. A 2010, lokacin da gubar dalma ta hallaka yara fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma, tsadar zinare a kasuwar duniya na cikin abin da ya ja mutane ga niƙa duwatsu a tsakar gida, kuma likitocin ƙungiyar MSF da suka zo daga ƙetare na cikin waɗanda suka yi jinyar yaran. Daga 2012 zuwa 2022, shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar a Zamfara da wasu jihohin Arewa, da kuɗin gwamnatin Birtaniya aka yi shi. Bayan an sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu 2021, an yi ta ambaton yarjejeniyar kare makarantu da ƙasashe suka ƙulla a birnin Oslo a 2015, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, har ta karɓi baƙuncin taronta a Abuja a watan Oktoba na 2021. Haka nan da sojoji suka kifar da gwamnatin Bazoum a Nijar ranar 26 ga Yuli 2023, ECOWAS ta sa takunkumi aka rufe iyaka, fataken da ke bin hanyar Maraɗi sun ji a jikinsu, mu ma mun ji a kasuwa. Saboda haka wanda ya ce yana son ya fahimci yadda ƙasashe ke ƙulla yarjejeniya, da yadda suke warware ta, da yadda kuɗin taimako ke tafiya, bai yi kwaɗayin abin da ba ruwansa ba.

To, amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Tsakanin shaidar NCE da digiri na biyu akwai matakalar da ba a tsallakewa, wato digirin farko. Mai NCE da ya samu gurbi kai tsaye yakan fara daga aji biyu na jami'a, ya yi shekara uku idan zaman karatu yake yi cikakke. Idan kuwa karatun hutu ne ko na ƙarshen mako, irin wanda yawancinmu ke iyawa, lokacin yakan zarce haka. Bayan nan jami'a za ta duba darajar sakamakon, ta nemi takardar hidimar ƙasa ko ta yafewa, wadda ake ba wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama. Sannan digiri na biyun kansa ya ci shekara ɗaya da rabi ko biyu, idan abubuwa sun tafi daidai. Ba kullum suke tafiya daidai ba: yajin aikin malaman jami'a na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ke nan malamin da ya ɗauki hanya yana da shekara 45 zai iya karɓar takardarsa yana da 51 ko 52. Dokar da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 na haihuwa ko 40 na aiki, don haka inda aka yi aiki da ita akwai sauran lokacin da za a ci gajiyar karatun. Abin da ya kamata kowa ya yi shi ne ya ɗauki alƙalami ya lissafa nasa shekarun, ya ga nawa za su rage masa, da wane irin aiki zai yi a cikinsu.

Wannan ya kawo mu ga maganar aiki, inda zuciya ta fi yaudarar mutum. Idan aka ambaci hulɗar ƙasa da ƙasa, abin da ke faɗowa a rai shi ne jakada da motar da ke ɗauke da tuta. Jakadun Nijeriya kashi biyu ne. Akwai waɗanda suka shiga Ma'aikatar Harkokin Waje tun suna samari, suka yi ta hawa mataki-mataki na shekaru masu yawa. Akwai kuma waɗanda Shugaban Ƙasa ke zaɓowa daga waje, Majalisar Dattawa ta tabbatar da su. Ƙofar farko ta matasa ce, ta biyu kuwa siyasa ce ke buɗe ta. Babu wadda digiri na biyu shi kaɗai ke buɗe wa mai shekara hamsin.

Mu dubi wani ɗan yankinmu da ya kai ƙololuwa a wannan fage. Farfesa Tijjani Muhammad-Bande, mutumin Zagga a Jihar Kebbi, ya gama digirin farko a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, ya yi na biyu a Boston da ke Amurka, ya yi na uku a Toronto da ke Kanada a 1987. Ya koyar a Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ya shugabance ta daga 2004 zuwa 2009, kafin ya zama Shugaban Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya a 2019. Shekara 40 cur ke tsakanin digirinsa na farko da wannan kujera. Mu kuma dubi wanda ya fi kusa da sana'armu. Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauchi. Da aka tura shi Landan a 1945, fannin koyarwa ya je ya karanta, wato aikin da ke hannunsa, kuma ba gonarsa ya sayar ya tafi ba. Shi ne ya tsaya a gaban Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 7 ga Oktoba 1960, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta. Darasin da ke cikin rayuwar mutanen nan biyu shi ne, kowannensu ya ɗora karatu a kan aikin da ya riga ya kafu a cikinsa, kuma tafiyar ta ɗauki tsawon rai.

Ina ne, to, wannan digiri zai yi wa irinmu amfani? Zai iya kai mutum ga koyarwa a kwalejin ilimi, kamar ta Maru ko ta tarayya da ke Gusau, ko a wata babbar makaranta, idan gurbi ya samu kuma sakamakonsa ya kai. Zai iya taimaka masa wajen aiki da ƙungiyoyin agaji da na raya ilimi, ko aikin sulhu, ko aikin jarida. Sai dai a nan ma a yi hattara. Tun da gwamnatin Amurka ta dakatar da yawancin taimakonta na ƙetare a farkon 2025, ta kuma rushe hukumar USAID, ayyukan ƙungiyoyi da dama sun tsaya, ƙwararrun da suka daɗe a fagen sun koma neman aiki. Kuma masu ɗaukar ma'aikata a wannan fage sukan fifita abin da mutum ya iya yi a kan sunan takardarsa: rubuta rahoto mai tsabta da Turanci, sarrafa alƙaluma a kwamfuta, da jin wani harshe. Mu da Nijar ke bayan ɗakinmu, Faransanci dukiya ce, Larabci ma haka, domin dukansu suna cikin harsuna shida na aikin Majalisar Ɗinkin Duniya.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a sani kafin a biya kuɗin fom. Jami'o'inmu suna da digiri na biyu iri biyu. Akwai na ƙwarewar aiki, irin shirin harkokin ƙasa da ƙasa da diflomasiyya da ake kira MIAD a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda ma'aikata suka fi yi. Akwai kuma na bincike, wanda ake rubuta kundi mai nauyi, kuma shi ne hanyar da aka saba bi zuwa digiri na uku da koyarwa a jami'a. Wanda burinsa koyarwa a babbar makaranta ne, ya sayi fom ɗin na farko bisa rashin sani, ya yi asarar shekaru da kuɗi. Haka nan wanda ke fatan ƙarin matsayi a aikin firamare ya tuna cewa ƙa'idar aikin gwamnati tana duba dacewar karatu da aikin da mutum ke yi, kafin a ba shi hutun karatu da albashi ko a ɗaga shi. Ya je ya tambaya a rubuce, ya karɓi amsa a rubuce. Alƙawarin baki ba ya shiga fayil.

Yanzu sai maganar kuɗi. Mu fara da ƙetare, don mu sauke wannan nauyi daga zukatanmu. A Ingila ba abin mamaki ba ne kuɗin makarantar digiri na biyu na shekara ɗaya ya kai fam 20,000 ga baƙo, ban da masauki da abinci da jirgi da biza. Tun da aka saki darajar naira a watan Yuni 2023, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a hukumance ta haura 1,500, fam ɗaya kuma ya kai wajen naira 2,000 a 2024. A wancan canji, fam 20,000 ke nan naira miliyan 40. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a Yuli 2024, sai ya tara albashinsa kaf, bai ci ba bai sha ba, na fiye da shekara 47 kafin ya haɗa wannan kuɗi. Ko waɗanda suka fi mu ƙarfi sun ji jiki: a 2024 an ba da labarin ɗaliban Nijeriya a Jami'ar Teesside ta Ingila da aka dakatar da karatunsu, aka umarci wasunsu su bar ƙasar, saboda faɗuwar naira ta cinye abin da suka tanada. Tun Janairu 2024 kuma Birtaniya ta hana mafi yawan masu digiri na biyu tafiya da iyali. Don haka ga malamin firamare hanyar ƙetare ɗaya ce, wato cikakken tallafi.

Tallafin kuwa akwai shi, ko da yake masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Tallafin Chevening na gwamnatin Birtaniya yana biyan kuɗin makaranta da jirgi da na zama. Yana neman digirin farko mai kyau, da gogewar aiki ta aƙalla shekara biyu, da alƙawarin komowa gida na shekara biyu bayan an gama. Ba ya sa iyakar shekarun haihuwa. Akwai kuma tallafin ƙasashen Kwamanwel. Ba a biyan ko sisi wajen neman waɗannan, saboda haka duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai samo wa mutum gurbi, ɗan damfara ne. A cikin gida, asusun TETFund na ɗaukar nauyin ƙaro karatu, amma na malaman jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha ne na gwamnati, malamin firamare ba ya ciki. Bashin ɗalibai na NELFUND da aka fara bayarwa a 2024 ba shi da ruwa, kuma ya rage wa iyaye da yawa nauyin 'ya'yansu da ke manyan makarantun gwamnati. Mai neman digiri na biyu kada ya sa shi a lissafinsa sai ya ga irin karatunsa a rubuce cikin waɗanda asusun ke ɗauka.

Saura karatu a gida da kuɗin aljihu, wanda shi ne zaɓin da ke gaban yawancinmu. A nan kuɗin rajista ne ake gani, amma ba shi ne ke karya mutum ba. Abin da ke karya shi ƙananan abubuwa ne masu maimaituwa: kuɗin mota, wanda ya ninka tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu 2023, da masauki, da sayen data, da kwamfuta, da buga kundi a gyara a sake bugawa. Mai zuwa Zariya zai bi ta Kwatarkwashi da Tsafe da 'Yankara da Funtuwa. Mai zuwa Sakkwato zai bi ta Bungudu da Maru da Talatar Mafara. Ba sai mun gaya wa kowa a nan halin da hanyoyin nan suka shiga a shekarun nan ba, kuma wanda zai riƙa bin su kowane mako na shekara biyu, ya dace ya sa wannan ma a ma'auni, ya kuma ji ta bakin iyalinsa. Wannan ne ya sa muke ganin matakin digirin farko ya fi kyau a yi shi kusa da gida, a Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka kafa a 2013, ko ta hanyar karatu daga nesa na jami'ar NOUN, wanda ke barin mutum a bakin aikinsa.

Akwai abubuwa uku da muke roƙon 'yan'uwa kada su taɓa saboda wannan karatu. Na farko gona. A watannin da albashi ya yi jinkiri, geron da ke rumbu ne ke rufa mana asiri, kuma gonar da aka sayar ba ta komowa da kuɗin da aka sayar da ita. Na biyu kuɗin makarantar yara. Uban da ya cire ɗiyarsa daga sakandare don ya biya rajistarsa ya rushe ginin da ke tashi don ya ɗaga wanda ya kusa kammala. Na uku bashi mai ruwa da ake cira daga albashi tun kafin ya shigo hannu, domin ban da nauyinsa a addini, yana barin gida da ragowar da ba ta kai mako biyu. Ma'aunin mai sauƙi ne: a ware abinci da magani da makarantar yara da taki, abin da ya rage shi ne na karatu. Idan bai isa ba a bana, a tara a jira baɗi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada kuma mu manta da waɗanda ba su da baki a wannan shawara, wato yaran ajinmu. A makarantun ƙauye da yawa, tafiyar malami ɗaya na nufin a haɗe aji biyu a ɗaki ɗaya, ko a bar yara su yi ta surutu har a tashi. Malamin da ke sulalewa ran Alhamis ya komo ran Talata ba tare da izini ba, da karatun 'ya'yan talakawa yake biyan nasa. Wanda zai tafi ya tafi da takardar izini, shugaban makaranta ya san wanda zai riƙe ajin, hukuma ta san ranar komowa. 'Yan'uwanmu mata kuwa nauyinsu biyu ne, aji da gida. Maigidan da ya amince matarsa ta ƙaro karatu, amincewar ba ta cika ba sai ya ɗauki rabonsa na kula da yara a ranakun da take makaranta.

Game da 'ya'yanmu da suka gama digirin farko, lissafin ya bambanta, domin shekaru na gabansu kuma ƙofar ma'aikatar gwamnati a buɗe take gare su. Duk da haka muna ba da shawarar kada a tura yaro digiri na biyu don kawai ya gaji da zaman jiran aiki. Ya fara yin aiki na shekara biyu, ko da koyarwa ce ko aikin sa kai a wata ƙungiya, ya koyi Faransanci, ya goge rubutunsa. Shekarun nan biyu su ne sharaɗin tallafin da muka ambata, kuma su ne za su nuna masa ko fannin yake so ko kuwa sunansa.

A ƙarshe muna da roƙo huɗu ga reshe. Na ɗaya, a tattara sunayen 'yan'uwan da suka riga suka yi digiri, domin mai niyya ya samu wanda zai tambaya kafin ya kashe kuɗi. Na biyu, a duba yiwuwar kafa adashin karatu, ko bashi marar ruwa cikin asusun haɗin kanmu, wanda zai biya rajista kawai, a mayar cikin shekara, don na baya ma ya samu. Na uku, reshe ya taimaka wajen bin takardun hutun karatu, ya kuma tsara yadda malamai biyu ba za su bar makaranta ɗaya a lokaci guda ba. Na huɗu, mu riƙa zama sau ɗaya a wata muna tattauna al'amuran duniya da suka shafe mu, kamar ficewar Nijar da Mali da Burkina Faso daga ECOWAS a Janairu 2025 da abin da take nufi ga kasuwanninmu. Wannan zama ba ya cin ko kwabo, zai gyara darasin zamantakewa da muke koyarwa, kuma wanda ya jure masa shekara guda ya san cewa sha'awarsa ta gaske ce.

'Yan'uwa, ba mu zo don mu sanyaya wa kowa gwiwa ba. Wanda ya san aikin da yake nufa, ya riƙe izini a rubuce, ya ga kuɗin karatunsa ba tare da ya taɓa rumbu ba, ya tafi, reshe na bayansa, kuma muna fatan ya komo ya amfane mu. Wanda ɗaya daga cikin ukun nan bai cika masa ba, ya dakata ya cika shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya yi wa 'ya'yanmu da ɗalibanmu albarka, Ya mai da kowa gidansa lafiya.